Muhawara: Shin dole ne a leƙa mafitsara kafin a rufe ciki bayan an cire mahaifa?

Ɗaliba:
Assalamu alaikum malamanmu da iyayenmu. A yi min afuwa in an taɓa tattauna wannan kafin shigowata. Inda nake horo, manyanmu biyu sun sha bamban. Ɗaya ba ya yarda a sauke mace daga gadon tiyata bayan cire mahaifa sai an kawo na'urar leƙa mafitsara, wato sistoskof, ya gani da idonsa fitsari na fesowa daga bakin bututun ƙoda na dama da na hagu. Ɗayan kuma cewa yake ɓata lokaci ne, wanda ya san hannunsa ba ya buƙatar haka sai in aikin ya zo da gardama. Mu ƙanana mun rasa wanda za mu bi.

Likitan Mata:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin a kai ga na'ura, a fara da inda haɗarin yake. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, kuma a wurare uku yake ratsowa kusa da hannun mai cire mahaifa. Na farko a bakin ƙugu, inda yake tafiya gefe da gefe da jijiyoyin jinin ƙwan mace, sai mutum ya je ɗaure jijiyar ya haɗa da shi. Na biyu, wanda ya fi kowanne cin mutane, inda yake bi ta ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, tazararsa da bakin mahaifa ba ta wuce santimita 2 ba. Na uku a kusurwar farji ta sama, lokacin ɗinke wurin bayan an fitar da mahaifa. Ita kuwa mafitsara, ana yawan ɓula ta ne lokacin da ake ture ta ƙasa daga jikin mahaifa, musamman ga wadda aka yi wa tiyatar haihuwa sau biyu ko uku, wurin duk ya manne.

Ra'ayina: ba kowace mace ba. Wadda aka yi wa aiki cikin sauƙi, na ga bututun nan biyu da idona tun kafin in matse komai, jini bai rufe min wuri ba, ban ga dalilin sake mata kwanciya a buɗe sabon kaya ba. Wadda ke da ƙarin mahaifa a wuyan mahaifa ko a gefe, ko mannewa, ko aka ɗinke mata zazzagowar mahaifa ta ƙasa, wannan lallai a leƙa.

Likitan Mafitsara:
Ranka ya daɗe, da girmamawa, amma mu ne ake kawo wa matan bayan sati biyu, kuma kusan duk takardar da ke biyo su an rubuta aiki ya tafi lafiya. Matsalar zaɓe ke nan. Mutum yana zaɓar wadda yake shakka a kanta, alhali bututun da aka ɗaure ba ya zubar da jini, ba ya nuna komai, shiru yake yi.

Akwai binciken da aka buga a 2009 daga jihar Luwiziyana ta Amurka. Mata 839 aka cire wa mahaifa, kowacce aka leƙa mafitsararta ba tare da zaɓe ba. An sami rauni a hanyar fitsari ga kimanin 4 cikin 100, mafitsara kusan 3 cikin 100, bututun ƙoda kusan 2 cikin 100. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai na raunukan ne likita ya lura da su da ido kafin a saka na'ura. Sauran da an rufe su a ciki. Gani ya kori ji, Yallaɓai.

Likitan Mata:
Na san binciken, kuma ban musa ba. Amma asibitocin koyarwa ne, hannun masu koyo na ciki, shi ya sa alƙaluman suka yi sama. Ka kuma kawo mana ɗaya ɓangaren mana. A 2015 an tattara bincike masu yawa wuri guda, aka samu raunin bututu kimanin 3 cikin 1000, na mafitsara kimanin 8 cikin 1000. An yarda leƙen kowa da kowa yana ƙara yawan raunin da ake kamawa a kan gado har ninki biyar, amma ba a iya nuna cewa ya rage waɗanda ke dawowa da rauni daga baya ba. To in matan da ke dawowa wurinka ba su ragu ba, me muka saya da kuɗin?

Likitan Mafitsara:
Ba a iya nunawa ba daban, babu amfani daban. Abin da ke faruwa sau 3 cikin 1000 sai an tara dubban mata masu yawa kafin lissafi ya nuna bambanci. Sannan wasu raunukan da ke dawowa na ƙuna ne, daga na'urar ƙona jijiya, ko bututu da aka fige wa jijiyoyin da ke ciyar da shi. Irin wannan ranar tiyata fitsari na fita sumul, sai bayan kwana 10 zuwa 14 wurin ya mutu ya ɓule. Wannan na yarda na'ura ba ta kama shi. Amma wanda aka ɗaure da zare ko aka yanke, tana kamawa, kuma warware zare ɗaya a ranar ya fi sake buɗe mace bayan wata guda ƙodarta ta kumbura.

Ɗan Karkara:
Manya, ku yi haƙuri in katse ku. Ina karantawa ina murmushi, don gardamar taku ta masu na'ura ce. Ni babban asibitin ƙaramar hukuma nake, ban taɓa ganin sistoskof a garin nan ba. Kuma cire mahaifar da nake yi ba ta wadda aka shirya ba ce. Mace ce aka kawo da tsakar dare a bayan a-kori-kura, ta kwana biyu tana naƙuda, mahaifa ta fashe, yagewar ta gangara gefe har wuyan mahaifa, ciki cike da jini, leda ɗaya ta jini muke da ita, janareto na tari. A wannan hali ina matse abin da ke zubar da jini ne, ban san me na haɗa da shi ba. Ku gaya min abin da zan yi da abin da ke hannuna.

Likitan Mafitsara:
Dakta, tambayarka ta fi tamu muhimmanci, kuma akwai abin yi.

Mafitsara ita ce mai sauƙi. Robar fitsari na jikinta ai. Ka sa nas ta ɗura ruwan gishiri na asibiti mililita 200 zuwa 300 da aka ɗiga wa shuɗin metilin ta cikin robar, a matse robar, kai kuma ka shimfiɗa farin goz a bayan mafitsara da saman farji ka duba. In shuɗi ya fito, ka ga ramin. Ka ɗinke shi hawa biyu da zare mai narkewa, ka sake gwadawa, ka bar roba kwana 10 zuwa 14, ka kuma rubuta da manyan baƙi kada wani ya cire ta washegari.

Bututu ne mai wuya. Bayan jini ya tsaya, ka buɗe fatar gefen ƙugu, ka nemo shi a sama inda yake tsallaka babbar jijiyar jinin ƙugu, ka bi shi da ido zuwa ƙasa har inda ɗinkinka yake. Gargaɗi ɗaya: don ka taɓa shi ka ga ya yi motsi kamar tana, wannan bai wanke shi ba. Bututun da aka ɗaure a ƙasa yana ci gaba da motsi a sama. In shakka ta rage, ka tsaga saman mafitsara da gangan, ɗan tsagi kaɗan, a ba ta furosemayid, maganin ƙara fitsari, miligiram 10 zuwa 20 ta jijiya, ka zuba ido a bakin bututun biyu. In gefe ɗaya ya ƙi fesowa, ka tura siririyar robar ciyar da jarirai ta bakin. In ta haura ba cikas, madalla. In ta cije a santimita kaɗan, zarenka na wurin. Saman mafitsara na warkewa da kyau, kada tsagin ya ba ka tsoro.

Mai Ba Da Barci:
Bari in sa baki tunda mu ne ke tsaye a kan mai jinya. Duk wannan yana da kyau in mace na da ƙarfin ɗauka. Wadda Dakta ya kwatanta, jininta ya yi ƙasa, jikinta ya yi sanyi, allurar baya ta fara sakinta, ni zan ce a rufe. Ƙoda ɗaya da aka ɗaure ana iya ceto ta gobe ko jibi a babban asibiti, mace da ta mutu a kan gado ba a dawo da ita. Sharaɗin kawai a rubuta gaskiya a takarda: ina shakkar bututun hagu, ban samu dubawa ba. A kuma tura ta da zarar ta farfaɗo.

Abu na biyu, a bambanta shuɗin metilin da aka ɗura a mafitsara da wanda aka yi ta jijiya don ya rina fitsari. Na jijiya yana iya farfasa jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma wannan ƙaranci ya yawaita a mutanenmu, galibi ba a gwada ba. Yana kuma rikici da wasu magungunan damuwa, sannan yana sa na'urar auna iskar jini ta nuna ƙasa na ɗan lokaci, hankalin kowa ya tashi a banza.

Likitan Mafitsara:
Gaskiya ne Malam. A Amurka da wani rini na jijiya mai suna indigo kamin suka saba, da ya yi ƙaranci a 2014 sai suka koma wasu dabaru. Mai arha a cikinsu, a cika mafitsara da ruwan sukari na asibiti maimakon ruwan gishiri, sai fitsarin da ke fesowa ya fito fili saboda bambancin kauri. Wasu na ba da ƙwayar fenazopiridin kafin tiyata ta mai da fitsari ruwan lemo. Sau da yawa ma ba a buƙatar rini, haƙurin minti biyar ya isa.

Anti Nas:
Salamu alaikum. Ni a sashen masu yoyon fitsari nake aiki, mu ne ƙarshen layin. Da can kusan duk wadda ta zo doguwar naƙuda ce ta jawo mata. Yanzu muna ganin waɗanda tiyata ce silar, kuma tun daga labari ake gane su. Mace ta ce min, Anti ina jin fitsari ina zuwa bayi in yi kamar kowa, amma kuma zanina ba ya bushewa dare da rana. Da na ji haka na san bututu ne, don ɗaya ƙodar na cika mafitsara, ɗayar kuma na zuba kai tsaye ta farji. Mu ɗura shuɗi a mafitsara, mu sa auduga a farji, audugar ta jiƙe sharkaf amma fara tas. Shi ke nan, sai sikanin na ƙoda.

Abin da nake so in roƙi 'yan uwana nas na ɗakin kwanciya: a riƙa auna fitsari da gaske, ba a rubuta "yana fita" ba. Babbar mace ta kasa mililita 30 a awa, a kira likita. In babu ko ɗigo bayan tiyata, a duba roba ko ta toshe, in ba ta toshe ba to maganar gaggawa ce, ba a jira zagayen safe. Amma kuma kada jaka cike ta ruɗe mu, don in gefe ɗaya aka ɗaure fitsari na zuwa daidai. Ciwon kwiɓi gefe guda, zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ciki ya kumbura ya ƙi motsi, duk a faɗa wa likita, kada a ce maleriya ce a wuce.

Likitan Mata:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma akwai alƙaluma a kai. Wani nazari da aka buga a 2014 ya duba mata kusan 6,000 da aka yi wa gyaran yoyon fitsari a ƙasashe 11, galibi na Afirka. 805 daga ciki hannun mai tiyata ne ya jawo, wato kimanin 13 cikin 100, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan raunin bututu ne. Mafi yawansu daga tiyatar haihuwa da cire mahaifar gaggawa suka fito, ba daga aikin da aka shirya ba. Shi ya sa nake cewa kuɗin da za a sayi sistoskof a birni, da an kashe shi wajen koya wa irin su Dakta na karkara nemo bututu, da an fi ceton mata.

Maman Walid:
Don Allah ku yi haƙuri, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, wata ƙawata nas ce ta saka ni a nan. Yayata aka cire wa mahaifa saboda ƙari, a wani asibitin kuɗi. An sallame ta lafiya. Da ta yi kamar sati da rabi sai ruwa ya fara zuba. Muka koma, aka ce ruwan ciwo ne zai tsaya, aka ba ta maganin sanyi. Muka sake komawa, maganar ɗaya. Ta daina zuwa biki, ta daina sallah a tsaye cikin mutane, kishiya ta samu abin faɗa. Sai da wata maƙwabciya ta ce mu tafi Babbar Ruga a Katsina, a can aka gane bututu ne aka yi mata aiki, yanzu alhamdu lillahi ta bushe. Tambayata, wannan sakacin likita ne ko ƙaddara? Har yau gidanmu ana gardama a kai.

Likitan Mata:
Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya, ya saka miki da ɗawainiyar da kika yi. Ba zan yanke hukunci a kan aikin da ban gani ba. Raunin bututu na faruwa a hannun ƙwararru ma, musamman in ƙarin babba ne ya ture shi daga mazauninsa, kuma yadda ya ɓullo bayan kwana goma yana iya zama irin wanda ko an leƙa ranar ba za a gani ba. Inda ba ni da uzurin da zan ba su shi ne dawowarku. Mace ta zo da zubar ruwa bayan cire mahaifa, fitsari ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma gwajin bai fi auduga da shuɗi ba. Sannan tun kafin tiyata ya kamata a ce an gaya muku wannan na iya faruwa, ga alamominsa.

Anti Nas:
Hajiya, ki gaya wa duk wadda kika sani da irin wannan kada ta zauna a ɗaki. Ban da Babbar Ruga akwai cibiyar ƙasa a Ningi ta jihar Bauchi, akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, akwai ta Evangel a Jos. Kuma kada ta rage shan ruwa don yoyon ya ragu, haka suke yi, sai fitsarin ya yi kauri ya ci musu fata.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa daga nan Nijar. Halin da abokina na karkara ya faɗa shi ne namu a asibitocin gunduma, lokotoro ɗaya da aka ba horon tiyata, shi ne na haihuwa shi ne na hanji. Masu yoyo kuma muna tura su Danja kusa da mu ko Yamai. Ina so manya su ce wani abu a kan wannan: in mahaifa ta fashe kuma yagewar ba ta kai wuya ba, mu mukan cire sama mu bar wuyan mahaifa. Aikin ya fi sauri, kuma hannu ba ya sauka inda bututu ya fi kusa. Wasu na ganin rabin aiki ne.

Likitan Mata:
Ba rabin aiki ba ne, Dakta, hankali ne. A gaggawa, ga mai hannu ɗaya ba mataimaki, barin wuyan ya fi aminci in dai ba daga nan jinin ke zuba ba. A dai gaya mata wuyan na nan, tana buƙatar gwajin kansar bakin mahaifa kamar kowa. In kuwa yagewar ta gangara ko mabiyiya ta kafe a ƙasa, dole a sauka, sai a ture mafitsara sosai, a matse dab da jikin mahaifa, kowace matsa ta biyo ta cikin wadda ta gabace ta.

Likitan Mafitsara:
Ranka ya daɗe, kan kuɗi da ka ambata. An yi lissafi a Amurka a 2001 cewa leƙen kowa na biyan kansa in raunin bututu ya haura 1.5 cikin 100 a tiyatar buɗe ciki. To wa ya san adadinsa a cikinmu? Wadda ta samu matsala ba ta komawa wurin wanda ya yi mata aikin, wurinmu take zuwa ko wurin Anti, shi kuwa yana can yana cewa bai taɓa raunata kowa ba. Sannan lissafin nasu bai sa kuɗin mota daga ƙauye, da auren da ke mutuwa, da ƙodar da ke lalacewa shiru ba. Kuma inda ake tiyatar kyamara, wato ta ƙananan huji ba tare da buɗe ciki ba, madubin na nan a kan tebur, ana iya leƙawa da shi. Ƙungiyar masu tiyatar kyamara ta Amurka ma tun 2012 ta ba da shawarar a riƙa leƙawa bayan cire mahaifa ta wannan hanya, don a nan ake yawan amfani da wuta.

Likitan Mata:
A tiyatar kyamara na ba ka. A asibitin koyarwa ma na ba ka, ko don yara su iya riƙe na'urar kafin ranar da za su buƙace ta da gaske. Amma ku ma likitocin mafitsara sai ku daina kulle ta a kabad ɗinku, a ce sai an rubuto muku takarda mace na kwance ciki a buɗe. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya saki jiki wajen fiɗa don ya san za a leƙa a ƙarshe.

Ɗaliba:
Na gode ƙwarai malamai. Tambaya ta ƙarshe. In an leƙa, dama ta feso, hagu shiru, sai me?

Likitan Mafitsara:
Kada ki yi gaggawa. Ki tambayi mai ba da barci ko ruwa ya ishe ta, a ƙara, a ba da furosemayid, ki jira kamar minti goma. Ki duba sikanin ɗinta na kafin tiyata, wata tun asali ƙodar gefen ba ta aiki ko ma babu ita. In har yanzu shiru, ki tura siririyar roba. Ta cije, ki koma ciki ki warware ɗinkin gefen ɗaya bayan ɗaya, ki fara da na kusurwar farji da na jijiyar mahaifa, kina dubawa bayan kowanne. In ya saki kuma bututun bai canza launi ba, a bar masa roba a ciki sati 4 zuwa 6. In an yanke shi ko wurin ya mutu, a ƙasa-ƙasa ne galibi, sai a yanke mataccen a dasa shi sabon wuri a jikin mafitsara, in bai kai ba a jawo mafitsarar sama a kafe ta. Wannan ba aikin da za ki fara ke kaɗai ba ne, ki kira babba tun daga lokacin da robar ta cije.

Ɗan Karkara:
Ni kuma da babbana ke nesa da ni tafiyar awa huɗu fa? Yallaɓai, in na sa magudana a ciki na rufe na turo maka ita da takarda, za a karɓa a daren, ko sai an ce babu gado?

Likitan Mafitsara:
Ka sa magudanar, ka bar robar fitsari, ka rubuta gefen da kake zargi da irin zaren da ka yi aiki da shi. Ka kira ni kafin motar ta tashi, zan turo maka lambata ta gefe. Maganar gado kuma sai mun zauna da shugaban sashe, don ba ni kaɗai ke da ta cewa ba.